Yadda Tashar Auta Ta Ɓace a Layinmu

A layinmu ba wanda ke kiran yayana da sunansa. Da-Can ake ce masa, don da wuya ya buɗe baki bai fara da kalmomin nan biyu ba. Da can burodi yana da nauyi. Da can in aka zuba kwalta har jikokinka sai sun taka ta. Da can yaro ba ya gaida babba hannu a aljihu. Ni dai Yaya nake ce masa, kuma na fi kowa shan wannan karatu, don shagona da nasa bango ɗaya ya raba su, a gaban gidan da mahaifinmu ya bar mana. Shi yana gyaran rediyo, ni ina sayar da batir da ashana da sabulu da ɗan abin da ba a rasa ba. Tun da mijina ya rasu na dawo gida nake jin sa ta bangon nan, har tarinsa na sani.

Shagon nasa ɗan tsukuku ne, mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Tebur ɗaya duk tabon dalma, fitilar aiki da ya ɗaure wa wuya da igiya, gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi, sai rediyoyi jere a kan kanta har rufi. Wasu masu su sun daɗe da rasuwa, amma ya hana a taɓa, wai ko magada za su zo. Yaya ba ya yar da komai. Ko waya ya yanke, sai ya naɗe guntun ya jefa a gwangwani. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce da tsofaffin rediyoyi suna haihuwa da tuni mun yi sallama da talauci. Da wayar hannu ta shigo, abokan sana'arsa duk suka koma gyaran ta, suka sa gilashi da fitilu masu launi a shagunansu. Shi ya karɓi guda ɗaya ya jujjuya, ya nemi inda ake kwancewa bai gani ba, ya mayar wa mai ita. Ya ce abin da aka liƙe da gam ba a yi shi don a gyara ba, an yi shi ne don a yar a sayi wani, kuma shi ba zai sa hannu a wannan tarbiyya ba.

A ƙofar shagon akwai dogon benci, kuma a kan bencin nan sarautarsa take. Rana na yin sanyi za ka ga sun fara hallara: Tsohon Direba da sandarsa, Kafinta da fensir a bayan kunne ko da yake ya daina aiki, Ɗan Fansho wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a gidan waya, kowa rungume da rediyonsa kamar jariri. Duk rediyoyin nan ta hannun Yaya suka bi, ba sau ɗaya ba. A saurari labarai, a kashe, sannan kowa ya juyo ya zuba masa ido a ji fassara.

Fassarar kuwa daga cikin rediyo ya ɗauko ta ya shimfiɗa wa duniya. Yakan ce in ka buɗe bayan rediyo ka ga wata 'yar aba ba ka san aikinta ba, ka bar ta a inda take, don wanda ya sa ta ba mahaukaci ba ne. Da wannan yake auna kowace gwamnati. Wadda ta hau sai ta sake wa tituna suna, ta rushe tsohuwar kasuwa ta kafa allo mai hoton sabuwa, ta cire tarihi daga darasin yara wai ba ya kawo aikin yi. Yaya ya ce waɗannan ba masu gyara ba ne, yara ne aka ba sukudireba. Ɗan siyasar da ya zo da alƙawarin sabuwar ƙasa ba ya samun ƙuri'arsa. Wanda zai ce zai cike ramin bakin layi yake nema, har yau bai gan shi ba. Ya ce gidan da uba da ɗa ke zaune ɗaki ɗaya kowa na latsa waya, ba dokar da majalisa za ta yi ta gyara shi.

Ni ba duka na saya ba. A cikin da can ɗin da yake yabo ne na yi ta wanke-wanke maza suna makaranta, a cikinsa ne ƙyanda ta ɗauke mana ƙanne biyu. In na tuna masa sai ya ɗago tabarau ya ce shi bai taɓa cewa duk abin da yake na da mai kyau ba ne, cewa ya yi a duba kafin a yar. Ni kuwa sai in ce ya rage murya yana kore mini masu saye.

Abu ɗaya Allah bai ba shi ba, shi ne sakin harshe. Yaya yana da i'ina. In magana ta zo daidai wurin daɗinta sai ta sarƙe masa a wuya, ya yi ta buga ƙafa yana runtse ido, 'yan benci su jira, wani lokaci Tsohon Direba ya ƙarasa masa, ya kuma ƙarasa ba daidai ba. A haka dai suka saba da shi, a haka suke girmama shi.

Sakin harshen kuwa gaba ɗaya wurin Auta ya tafi. Auta ƙaninmu ne, shi ya yi karatu mai zurfi ya zama malamin makaranta. A samartakarsa ya tara suma, ya cika ɗaki da littattafai, kullum maganarsa sai an rushe komai an sake gini. Gidan tarihi yake kiran Yaya, a gaban idonsa. In suka soma gardama ana cin abinci sai mahaifiyarmu ta ɗauke kwanon ta ce in sun gama gyara ƙasa su neme ta. To, shekaru suka yi aikinsu. Auta ya koyar har ya gaji, ya ga an sake tsarin karatu an kuma sake sakewa, ya yi renon 'ya'yan da ba sa ɗago kai daga waya in yana magana, suma ta zube, ya yi ritaya. Sai ga shi yana zuwa ƙarshen mako yana zama a gefen benci, shiru, yana saurare. Ban taɓa ganin Yaya cikin farin ciki kamar lokacin ba. Ya leƙo ta 'yar tagar da ke bangon tsakaninmu ya ce mini yaron nan ya dawo hanya, alhali yaron har da jikoki.

Ana nan aka buɗe wata sabuwar tashar rediyo, can ƙarshen allura, inda in ka ƙara murɗawa kaɗan maɓallin zai tsaya. Wani tsohon ɗalibin Auta yana aiki a can, ya gayyace shi ya yi magana a kan cire tarihi daga makarantu. Ranar Yaya da kansa ya fito da babban rediyonsa mai akwatin katako, ya goge shi, ya ɗora a kan kujera, ya sa aka kawo wa kowa shayi. Ni ma na bar kantana na tsaya a bakin ƙofa.

Muryar Auta ta fito sumul, ba gargada, irin muryar da ko farashin taki ta karanta sai ka tsaya ka ji. Ya yi bayani, ya yi bayani, sai muka ji ya ce, "Wani dattijo ya taɓa gaya mini cewa in ka buɗe bayan rediyo ka ga wata 'yar aba ba ka san aikinta ba, ka bar ta a inda take." Na ga Yaya ya gyara zama, ya cire hula ya mayar. Yana jiran abin da zai biyo baya. Abin da ya biyo baya tallar man shafawa ce.

Tsohon Direba ya bugi cinya ya ce ilimi daɗi ne da shi, yau ya ji magana. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana jin maganar nan a kan bencin nan, har yana ƙarasa ta. Kafinta kuwa, da zuciya ɗaya, ya juyo ya ce, "Da-Can, ka ji irin abin da kake ta ƙoƙarin faɗa." Yaya ya yi murmushin da bai wuce leɓe ba, ya tashi ya tattara kofuna. Ni da na san shi na san an soke shi.

Masu saurare suka yi ta bugo waya, tasha ta ba Auta fili nasa na kansa duk yammacin Asabar. Nan fa aka shiga. Auta ya zama Malam a bakin kowa, Yaya kuma ya zama yayan Malam. Mako-mako sai ga maganganun benci suna fitowa ta sifika, an wanke su an goge: ramin bakin layi, yaran da aka ba sukudireba, uba da ɗa da waya. Kowacce da wani dattijo a gabanta, dattijon da ba shi da suna ba shi da unguwa. Har zancena na ƙyanda Auta ya ɗauka wata rana don ya nuna ba komai na da ne abin kewa ba, shi ma ya jingina wa dattijon, ko 'yar dattijuwa ban samu ba. Mata su kawo rediyo su ce don Allah a gama kafin Asabar kada shirin Malam ya wuce su. Wani mai shagon magani har tambayar Yaya ya yi ko shi ma yana ɗan sauraren ƙanin nasa, don akwai abin ƙaruwa.

Ba sai an yi ta kewaye-kewaye ba, ƙyashi ne ya kama yayana, ya kuma kama shi da kyau. Abinci ya daina shiga. In aka yabi Auta sai ya murtuke ya ce ai ya sa wa maganar sukari, ba haka take ba. Ya ce mai ra'ayin riƙau na gaskiya ba ya zama tsakanin tallar man shafawa da tallar taliya. Ya ce wanda ya yi rabin rayuwarsa yana neman a rushe, yau shi ke koya wa mutane a duba kafin a yar. In Auta ya zo gaisuwa ya rusuna kamar yadda ya saba, Yaya sai ya amsa yana kallon cikin rediyo, ya ce aiki ya yi masa yawa. Auta ya ɗauka tsufa ne, ya kawo masa maganin ƙarin jini. Ta bango nakan ji shi shi kaɗai yana maimaita wata jimla da Auta ya faɗa, yana so ya kai ƙarshenta a tafi ɗaya, tana sarƙewa. Wannan ya fi komai ba ni tausayi, ko da yake ban nuna masa ba.

Abin da ya ƙarasa shi wata Asabar ce. Shiri na tafiya, Auta ya kawo wani misali a kan sake sunan tituna, Yaya ya buɗe baki zai gyara masa, sai Ɗan Fansho ya ɗaga hannu, ko kallonsa bai yi ba, ya ce ya bari mana a ji. A kan bencin da shi ya sa aka ƙera, a ƙofar shagonsa. Yaya ya tashi ya shige ciki. Ranar da wuri ya rufe.

Yanzu sai in faɗi yadda yake aiki, don a nan abin ya faru. Yaya ba ya ba da rediyo sai ya bi da allurar daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a hankali, yana tsayawa a kan kowace tasha yana karkata kunne. A cikin rediyo akwai wata 'yar waya naɗaɗɗiya, ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, an daskarar da ita da kakin zuma. Ita ke sa kowace tasha ta zauna a gurbinta. In aka ɗan taɓa ta, duk tashoshin sai su gusa gefe guda, kamar mutane a kan benci in wani ya matso, na bakin ƙarshe shi ke faɗuwa. Tashar Auta kuwa ita ce a bakin ƙarshe.

Ni ta wajen batir na fara jin labari. Kafinta ya zo ya ce batirin da na sayar masa ba ya jan tashar Malam. Na ce batir ba ya zaɓen tasha, ya je ya nemi wani ya ɗora wa laifin. Ba a jima ba matar mai wanki ta zo da irin wannan ƙorafi, sai mai gadin makaranta, sai Tsohon Direba, wanda har cewa ya yi na fara kawo jabu. Ni da ko ashana ba na sayar da mai sanyi. Raina ya ɓaci, na yi musu tas. Da suka koma wurin Yaya sai ya yi musu bayani a natse, ko sarƙewa babu: sabuwar tasha ce, injinan zamani ne marasa ƙarko, ga kuma dogon benen da aka gina a bakin titi ya tare iska. Suka gyaɗa kai, suka tsine wa benen da wanda ya ba da izinin gina shi. Wa zai yi musu da Da-Can a kan rediyo? Mutumin da in ƙura ce kawai ta shiga sai ya hure ya miƙa maka ya ce ka yi tafiyarka. Sun kai wa Auta kuka, ya gaya wa injiniyoyin tasha, injiniyoyi suka ce su a wurinsu komai lafiya. Yaya ya ce ai da ma haka za su ce.

Tsohon rediyo kuwa ba ya rabuwa da ciwo. Yau eriya ta karye, gobe maɓalli na ƙara, jibi batir ya zubar da ruwa a ciki. Ɗaya bayan ɗaya duk na layin suka shiga shagon suka fito garau, kowace tasha na kamawa sai guda ɗaya. Nawa ma da ya fara shaƙewa na miƙa masa ta taga, ban kawo komai a raina ba. Da ya dawo na murɗa zuwa inda na ɗiga jan farce don tashar da nake jin wasan kwaikwayo, sai na tarar ta gusa ta bar ɗigon. Na murɗa har ƙarshe, ba Auta sai shuu. Na zauna na haɗa wannan da wancan. Washegari na faɗa shagonsa ba sallama, na same shi da tsinken ashana a hannu, ya narkar da kakin rediyon Ɗan Fansho yana taɓa 'yar wayar nan.

Na ce, "Yaya, me wannan ta yi maka?"

Ya ce gyara yake yi. Na ce ai na ji wanda ya sa ta a nan ba mahaukaci ba ne, ko an canza karatun? Ya so ya yi magana ta sarƙe, ya yi ta buga ƙafa, jijiyar wuyansa ta tashi, da ƙyar ta fito.

"Maganata ce. Tawa ce. A bakina ba su ji ba, sai a nasa?"

Na ce to ya je ya gaya wa Auta mana, ƙaninsa ne, ba gwamna ba. Ya ce shi ba zai roƙi yaron da ya goya ya ambace shi ba, in ya yi haka me ya rage masa. Na ce ya mayar wa mutane tasharsu. Ya ce in fita masa daga shago, haske nake tarewa. Na fita, ban kuma sake miƙa masa ko da murfin batir ba. Taurin kai dai a gidanmu kowa ya samu kasonsa.

Benci ya dawo hannunsa, ban ce bai dawo ba. Asabar ta koma kamar sauran ranaku, a ji labarai, a kashe, a juyo gare shi. Sai dai abin bai yi masa daɗin da ya zata ba. Yana cikin bayani a kan sabon harajin kasuwa ko rushe tsohon asibiti, sai wani ya yi ajiyar zuciya ya ce ina ma a ji abin da Malam zai ce a kan wannan. Da suna jin Auta ran Asabar kawai, yanzu kullum suna kewarsa. Shi kuma Yaya in lokacin shirin ya yi sai ya ce yana da aikin gaggawa, ya shige ciki ya juya baya. Akwai wani ɗan ƙaramin rediyo da yake ajiyewa a aljihun riga, da abin sawa a kunne, wannan bai taɓa masa komai ba. Ba shirin da ya wuce shi. Wai kurakurai yake kamawa.

Da na ga yana ramewa, wuyan riga ya fara yi masa yawa, na sa mayafi na hau mota na tafi gidan Auta. Na same shi a falo da takardu a gabansa yana shirya na Asabar. Ban yi masa kwana-kwana ba, na tambaye shi dattijon nan da yake ta ambata, iyayensa ba su raɗa masa suna ba ne? Auta ya cire tabarau ya dube ni da mamaki na gaske. Ya ce ai saboda Yaya yake ɓoyewa. Ya tuna mini lokacin da wani ɗan takara ya ambaci Yaya a taron kamfen cikin masu goyon bayansa, yadda ya daɗe yana faɗa, yana cewa sunan mutumin kirki ba abin yawo da shi a lasifika ba ne. Ya ce tun ranar farko yake so ya faɗa, tsoro yake ji.

Na ce, "Kai da karatunka, ba ka san mutum na iya ƙin abu da baki yana mutuwar son sa ba?"

Sai ya tambaye ni ko Yaya ne ya aiko ni. Na ce in Yaya ya san na zo nan sai ya toshe tagar da ke tsakaninmu da siminti. Zancen rediyoyi kuwa ban yi masa ba. Wannan ba nawa ba ne da zan faɗa, kuma sunan mai gyara na gaskiya shi kaɗai yayana ya mallaka a duniya. Auta ya ce zai duba. Na san zan duba irin na malamai, na dawo ban sa rai ba, ban ma gaya wa kowa na je ba.

Makonni suka wuce ba labari. Sai wata Asabar, rana ta yi sanyi, 'yan benci suna zaune, Tsohon Direba ya kamo wata tasha ana ta muhawara a kan ƙwallo, ba don suna so ba sai don ba abin ji. Yaya na ciki ya juya baya kamar kullum. Ni ina auna wa wata mata sukari.

Abin da aka faɗa a shirin ranar daga baya na ji shi a bakin matar Auta. Ta ce ajiye takardun ya yi, ya ce yau ba zai yi maganar gwamnati ba, zai faɗi inda ya samo abin da yake faɗa. Ya kira sunan Yaya cikakke, da na mahaifinmu, da layin da shagon yake. Ya ba da labarin gwangwanayen madara da rediyoyin da ke jiran magada. Ya ce ya yi shekaru yana kiran mutumin nan gidan tarihi, sai da ya tsufa ya gane shi ne bai san abin da ake ajiyewa a ciki ba. Ya ce duk abin da masu saurare suka yaba a bakinsa a kan wani benci ya tsince shi, shi murya kawai ya ara masa. Ya ce in kana neman wanda zai taɓa maka abu ya bar shi yadda mai shi ya yi shi, ba ragi ba ƙari, ka je wurin yayansa. Ta ce har muryarsa ta karye, sai da aka sa kiɗa. Ba a maimaita shirin ba. Da labarin ya iso layinmu daga baya, guntu-guntu a bakin mutane, Tsohon Direba cewa ya yi Malam akwai ladabi, ai dole ƙani ya ɗan yabi wansa.

Ni abin da na gani da idona shi ne wannan. Yaya ya fito daga shago da sauri har yana tuntuɓe da dokin ƙofa, abin kunnen na kunnensa, hannu ɗaya dafe da aljihun riga. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar ta yaron da ya zo na ɗaya. Ya tsaya a gaban benci. Ya dubi Tsohon Direba, ya dubi Kafinta, ya dubi Ɗan Fansho, kowa da rediyonsa a cinya, ana ta gardamar wanda ya zubar da ƙwallo. Na ga hannunsa ya shiga aljihu ya kamo ɗan rediyon. Abu kaɗan ya rage, ya zare wayar kunnen ya ƙara murya kowa ya ji. Sai dai in suka ji, tambaya ɗaya za su yi masa: yaya aka yi naka ke kamawa, kai benen bai tare maka iska ba? Hannun ya tsaya a aljihu. Yana nan tsaye, kansa a ƙasa, har aka gama. Duk gari ya ji, in ji matar Auta, waya ta yi ta shigowa. Amma Yaya ba gari yake so ya ji ba, mutum ukun nan yake so, waɗanda ya tsufa da su.

Kafinta ya ɗago ya tambaye shi ko lafiya, ya tsaya kamar an dasa shi. Yaya ya ce lafiya, ƙafarsa ce ta riƙe. Ya cire abin kunnen ya naɗe shi a hankali, ya tako zuwa tagata. Matar da nake auna wa sukari ta matsa masa. Idonsa ya yi ja, na ɗauka maganar za ta sarƙe, amma ta fito a tafi ɗaya, ƙasa-ƙasa.

"Ke dai kin ji, ko?"

Ban san me aka faɗa ba, amma na gane daga fuskarsa. Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so, sai dai ban san abin da zan ce na ji ba.

Na ce, "Yaya, nawa ma kai ka gyara shi."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya koma ya zauna a ƙarshen benci, Tsohon Direba ya matsa masa, aka ci gaba da gardamar ƙwallo.